Gwiwar ɗana ta kumbura, koci ya ce ya daure

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, a Kano nake zaune. Ɗana na biyu shekararsa 14, ba shi da abin da yake so kamar ƙwallo. Yana zuwa wata akadami ta unguwa kullum bayan la'asar, awa biyu, ban da Juma'a. Bayan sallar asuba kuma koci ya ɗora musu gudu na awa guda. Ranar Juma'ar da ya kamata ya huta, 'yan layinmu sukan ja shi wasa. Wata uku ke nan yana fama da gwiwar dama. Wani ƙullutu ya fito a ƙasan ƙoƙon gwiwar, ko taɓawa ba ya so a yi. Na lura in zai yi sujada sai ya karkace, ya ɗora nauyinsa a kan ta hagu. Babansa ya ce raki ne, namiji ba ya kukan ciwo. Da na matsa, ya kai shi wurin mai ɗori, aka ce targaɗe ne, aka ja, aka murza, aka gasa da ruwan zafi, ciwon sai ma ya ƙaru. Koci kuma ya ce wata mai zuwa wasu za su zo gwaji su ɗebi yara zuwa Turai, don haka ya daure, har ƙwaya yake ba shi kafin wasa. Ni dai na ce a bar ƙwallon gaba ɗaya, yanzu yaron ko kallona ba ya son yi. Don Allah me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka miki da alheri kan wannan sa ido. Yaron da ke karkacewa a sujada, lokacin da yake ganin ba mai kallonsa, ba raki yake yi ba. Mai raki a gaban mutane yake yi. Naki ɓoyewa yake yi, kuma ɓoyewar ce ta fi tayar min da hankali.

Bari in faɗa miki ra'ayina tun yanzu, bayani ya biyo baya. Maigida bai yi daidai ba da ya ce a daure. Koci ya yi babban ganganci da yake ba shi ƙwaya. Ke ma, ki yi haƙuri, hukuncin a bar ƙwallo gaba ɗaya ya yi tsauri. Abin da gwiwar nan take nema shi ne a sauke mata nauyi na wasu watanni, a ƙarfafa naman da ke riƙe da ita, sannan a mayar da yaro fili sannu a hankali.

Ƙashin yaro da na babba ba ɗaya ba ne. Kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wuraren da ba su gama ƙwari ba, guringuntsi ne, kuma daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Sai girma ya tsaya suke daskarewa su zama ƙashi sosai. To, tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe ƙafa in za a yi gudu ko tsalle ko a dirka wa ƙwallo shot, tana da jijiya mai kauri da ta biyo ta ƙoƙon gwiwa ta sauko ta manne a saman ƙashin ƙwauri. Daidai inda ta manne ɗin, a jikin ɗan shekara 14, yana cikin wuraren nan masu taushi. Kamar turke ne da aka kafa a ƙasa mai danshi aka ɗaure masa rago mai fizga: igiyar ba za ta tsinke ba, gindin turken ne zai yi ta girgiɗa. Kowane gudu fizga ce, kowane tsalle fizga ce, har wurin ya kumbura ya tashi ƙullutu.

Abin yana ƙara tsanani a shekarun da yaro ke miƙewa. Ki tuna wandon makarantarsa na bara, na tabbata yanzu ya ɗage sama da idon sawu. Yaro namiji yakan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda a tsakiyar wannan miƙewa, kuma ƙashi yana riga tsoka tsawo, sai tsokar ta ɗame, fizgar ta ƙara ƙarfi. Likitoci suna kiran wannan lalura Osgood-Schlatter, sunan likitoci biyu, ɗaya Ba'amurke ɗaya ɗan Suwizalan, da kowannensu ya yi bayaninta a 1903. Ta fi kama yara maza masu wasa tsakanin shekara 12 zuwa 15, mata kuma da ɗan wuri, tunda su suna riga maza miƙewa. Duk alamun da kika lissafa nata ne: ƙullutu a ƙasan ƙoƙon gwiwa, zafi in an taɓa, zafi in an durƙusa, zafi bayan gudu. Tana da 'yar'uwa da ke kama diddige a wurin yara 'yan shekara 8 zuwa 13, inda agara ke fizgar ƙashin dunduniya. In ƙannensa ma 'yan ƙwallo ne, ki sa ido a kan wannan.

Labari mai daɗi shi ne, wannan ciwo yana wucewa. In girma ya tsaya, wurin ya daskare, yawancin yara suna rabuwa da shi, ko da ƙullutun ya zauna. Amma yakan ɗauki watanni, wani lokacin shekara ɗaya ko biyu yana tafiya yana dawowa, kuma yaron da aka ci gaba da tura shi fili da ƙwaya shi ne ke daɗewa a ciki. A wasu 'yan lokuta ma, tsalle ɗaya mai ƙarfi yakan ɓalle ɓangaren ƙashin gaba ɗaya, daga nan kuwa sai tiyata.

Duk da haka, kada ki tsaya a kan bayanina. A cikin makon nan ku kai shi likita ya taɓa gwiwar da hannunsa. Ku a Kano Allah Ya hutar da ku tafiya: ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duka suna da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi. Dalilin da ya sa na nace shi ne akwai cututtukan da ke fakewa da ciwon gwiwa a wannan shekaru. Akwai wanda asalinsa a kwatangwalo yake, kan ƙashin cinya ne ke zamewa daga wurin girmansa, amma yaro gwiwa zai riƙa nunawa. Za ki ga yana ɗingishi, tafin ƙafar ya juya waje. Wannan ba ya jira. Don haka ki roƙi likita ya duba ƙugun ma. Haka nan in ciwon yana tashinsa daga barci, ko yana zuwa da zazzaɓi, ko gwiwar gaba ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sullubewa in ya taka, ko kin ga yana ramewa, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Ƙwayar cuta a cikin ƙashi da ciwon dajin ƙashi duka suna son kusa da gwiwar matasa, kuma gano su da wuri shi ne rabin maganinsu.

Game da mai ɗori, ba na raina sana'ar kowa, kuma na san yadda mutanenmu suka yarda da su tun kaka da kakanni. Amma nan ba abin da ya goce balle a mayar, ba abin da ya karye balle a ɗora. Wuri ne da fizga ta ji wa ciwo, sai aka ƙara masa ja da murza. Shi ya sa kika ga ya ƙaru. Kada a koma. Kuma ko nan gaba Allah Ya kawo karaya ta gaske, a fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna, domin karayar da ta ratsa wurin girma, in ba a daidaita ta da kyau ba, tana iya barin ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta karkace har abada. Ɗaurin da aka tamke da ƙarfi kuma yana tare jini, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke hannu da ƙafar yara saboda haka.

Yanzu maganar ƙwaya, wadda ita ce ta fi ɓata min rai a wasiƙarki. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zaunar da yaron ki tambaye shi wace iri ce, wane launi, guda nawa, tun yaushe. In da hali ya kawo miki takardar da take ciki. In irin su diclofenac ce ko ibuprofen, ki sani shan su a kai a kai kafin wasa, cikin rana, ga gumi, ga ƙarancin ruwa a jiki, yana wahalar da ƙoda, yana kuma iya jawo gyambon ciki. In kuwa tiramadol ce, to abin ya wuce maganar gwiwa. Kin fi ni sanin yadda ta cinye samari a unguwanninmu, kuma da yawansu da sunan ƙarin ƙarfi suka fara. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Wato ko don Turai ɗin da ake kwaɗaita masa, ita ce za ta fara rufe masa ƙofa.

Ko da ƙwayar ba ta da wata illa ta daban, aikin da take yi shi ne matsalar. Zafi shi ne hanyar da gwiwa ke cewa a dakata. In aka kashe zafin aka shiga fili, fizgar tana nan, ɓarnar tana ci gaba, yaro ne kawai ba ya ji sai dare. Babban da zai miƙa wa ɗan wani magani ba da sanin iyayensa ba, don ya buga masa wasa, ya ci amanar da aka ba shi. Haka allurar kashe zafi da ake yi a kemis, ko wadda ake sokawa a gwiwar kanta: kada ku yarda. Maganin zafi, in za a sha, likita ne zai faɗi wanne da kuma kwana nawa, kuma don a samu sauƙi a gida ne, ba don a shiga fili ba.

Mu yi lissafi tare. Awa biyu da yamma, awa ɗaya da asuba, kwana shida: awa 18 ke nan a mako, ban da wasan Juma'a, ban da wanda ake yi a makaranta lokacin tara. Ya haura 20. Masana lafiyar wasanni suna da ma'auni mai sauƙin riƙewa: kada awannin atisayen yaro a mako su wuce yawan shekarunsa. Ɗan 14, awa 14 ce iyakarsa, kuma wannan ga mai lafiya ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar yaro ya samu hutun kwana ɗaya ko biyu kowane mako, da kuma jimillar wata biyu zuwa uku a shekara ba tare da wannan wasa guda ba. Naki ba shi da hutun ko kwana ɗaya. Mutane suna ɗauka a fili jiki ke ƙaruwa. A fili ana gajiyar da shi ne. A lokacin hutu da barci yake gyara kansa ya ƙara ƙarfi. Wanda bai huta ba, gajiya kawai yake tarawa.

Barcin ma ki duba shi. Yaro mai shekarunsa yana buƙatar awa 8 zuwa 10. In yana gidan kallo har ƙarfe 10 ko 11 na dare saboda wasannin Turai, ya tashi asuba, ya fita gudu da cikinsa wayam, ya wuce makaranta, ina jikin zai samu abin gini? Wannan ɓangaren a hannunki yake, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, nono, ganye a miya, duk abin da Allah Ya hore, a tabbata ya ci ya ƙoshi kafin ya fita da bayan ya dawo.

Ga yadda nake ganin watannin nan za su tafi, in likita ya tabbatar da abin da muke zato. Makonni huɗu na farko a ajiye wasa, a ajiye gudun asuba, a ajiye tsalle da tsallen kwaɗo. Ba kwanciya zai yi ba: zai je makaranta, zai yi tafiyarsa, zai iya tsayawa yana buga ƙwallo a bango da cikin ƙafa in hakan ba ya tayar da zafi. In gwiwar ta yi zafi, a samo fiya wata mai ƙanƙara, a naɗe a tsumma, a ɗora minti 15, ba kai tsaye a kan fata ba. A bar ruwan zafi da man zafi da murza. Wajen salla a ninka darduma ko a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin gwiwar, in abin ya yi tsanani kuma addini ya yi rangwame ga mai lalura. Likitan gashin ƙashi zai koya masa motsin da zai ƙarfafa cinya da ƙugu, da yadda zai miƙar da tsokar: ya dafa bango, ya kamo idon sawunsa ta baya, ya jawo diddigen zuwa mazaunai a hankali na daƙiƙa 30, ba tare da ya kai ga zafi ba. Daga nan sai a fara hawa mataki mataki: tafiya da sauri, sassarfa, gudu a miƙe, gudu da juyi, atisaye da 'yan'uwansa, sai a ƙarshe wasa. Ba a hawa mataki na gaba sai wanda ake kai bai bar zafi washegari da safe ba.

Wannan tsari an gwada shi. A ƙasar Denmak an bi yara 51 masu wannan ciwo, 'yan shekara 10 zuwa 14, aka rage musu wasa aka ba su motsin ƙarfafa gwiwa. Bayan mako 12, kashi 80 cikin ɗari sun ce sun samu sauƙi sosai, bayan shekara guda kashi 90. Komawa gasa gadan-gadan kuwa ta ɗauki yawancinsu fiye da wata ukun nan. Na faɗi wannan ne don kada a yi wa yaro alƙawarin sati biyu, ya zo ya ga ba haka ba, ya daina yarda da ku.

Na san abin da zai ce, da shi da babansa: gwajin fa? Hajiya, dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasa daga ƙasarsa zuwa kulob ɗin wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu keɓantattun yanayi, kamar iyayensa su koma can da zama don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa da kowane yaro a Kano ke son zama, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoban 2010, ranar da ya cika 18, kafin a ba shi damar buga musu wasa. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya a waccan kakar ke nan, doka ba ta ɗaga masa ƙafa ba. To wane ne zai ɗauki ɗan 14 wata mai zuwa? Ku tambayi sunan mutanen, da kulob ɗin da suke wakilta, da lasisinsu. In aka ce ku kawo kuɗin fom ko na biza, ku riƙe aljihunku. Ko da gwajin na gaskiya ne, yaron da ke ɗingishi ba zai nuna abin da ya iya ba, kuma yana da shekara huɗu a gabansa. Sannu ba ta hana zuwa.

In koci mutum ne mai jin magana, akwai abin da za ku kai masa wanda zai amfani yaran gaba ɗaya. FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, wanda ake yi kafin atisaye, aƙalla sau biyu a mako. Minti 8 na sassarfa da motsa gaɓoɓi, minti 10 na ƙarfafa ciki da cinya da tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira daga tsalle, sai minti 2 na gudu da juyi. Jigonsa shi ne yaro ya koyi dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba tare da ta faɗa ciki ba, domin wannan faɗawar ce ke tsinka jijiyar tsakiyar gwiwa. Ba ya buƙatar kayan aiki. Ƙwallo da 'yan takalman da za a jera a matsayin alama sun isa, kuma bidiyonsa yana nan kyauta a YouTube. A ƙasar Nowe an gwada shi a kan 'yan mata kusan 1,900 'yan shekara 13 zuwa 17, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada koci ya ce wannan na Turawa ne masu filin ciyawa: a Legas ma an gwada shi a ƙungiyoyi 20 na gasar matasa, yara sama da 400 'yan shekara 14 zuwa 19, aka buga sakamakon a 2014, kuma raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Akwai wani nau'insa na yara 'yan ƙasa da 13. Naki dai sai gwiwar ta lafa zai shiga, kuma motsin da ake yi a durƙushe a ɗaga masa shi tukuna.

Sauran ƙananan abubuwan kin san su: takalmin da ya yi masa daidai, ba na yayansa da aka cusa wa tsumma ba, abin kare ƙwauri, a tsince duwatsu da kwalabe a fili kafin a fara, a tabbata allurar rigakafin sandarewar wuya, wato tetanus, tana nan daram. Kuma a daina haɗa shi wasa da ƙartin da suka ba shi shekara goma.

Tunda za ku ga likita, ku yi amfani da damar a duba abu biyu da ba su shafi gwiwa ba. Na farko jini. In ba ku san rukunin jininsa na sikila ba, a gwada. Mai AS yana wasa lafiya lau, amma gudun ƙure ƙarfi cikin tsananin zafi da ƙishirwa yana iya zame masa haɗari, kuma kin san Kano daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40. Kowane yaro ma, AS ko AA, ya sha ruwa kafin ya fita, ya kuma riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20. Kocin da ke hana ruwa da sunan horo ba horo yake yi ba. Da azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Mai zazzaɓi kuwa ba shi ba fili, sai ya warke sarai.

Na biyu zuciya. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba, yana da shekara 25. Marc-Vivien Foé na Kamaru haka ya faɗi a Lyon ta Faransa a 2003. Nwankwo Kanu kuwa, gwajin lafiyar da aka yi masa a Inter Milan a 1996 ne ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo fili har ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Ba don in tsorata ki na kawo su ba, irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Amma likita ya saurari ƙirjinsa, ya auna hawan jininsa, ku kuma gaya masa in yaron ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a cikin gudu, ko in akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya a danginku ko na maigida. Sannan ki koya wa yaron wannan da bakinki: duk ranar da ya yi karo da ka, ya ji jiri ko ya ruɗe, ya fita daga wasan, ba komawa a ranar ko da ya ji ya warware. In amai ya biyo baya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan barci, asibiti kai tsaye.

Saura maigida. Kada ki tunkare shi da cewa ya yi kuskure, musamman a gaban yara. Mutumin da ya ɗauki ɗansa ya kai wurin mai ɗori ya damu da shi, hanyar ce ba ta ɓulle ba. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa: "Alhaji, ina tsoron kada ciwon nan ya hana shi ƙwallon da kake masa buri. Mu kai shi Dala su duba, duk abin da suka ce mu bi." Ki roƙe shi ya shiga ɗakin likita da kansa, ya ji da kunnensa. Maganar koci kuma shi ya kamata ya je, da takardar likita a hannu, ya faɗa masa abu uku cikin mutunci: ba sauran ƙwaya, ba wasa sai likita ya sallama, kuma ranar hutu ranar hutu ce. In koci ya karɓa, madalla. In ya ce ai gurbin yaron zai tafi, to ku bar masa gurbin. Akadami ba ita kaɗai ba ce a Kano.

Shi kuma yaron, ki janye maganar barin ƙwallo, ki janye ta a fili yadda zai ji. Fushin da yake yi da ke tsoro ne. Ya ga duk lokacin da ya nuna ciwo, ko a kira shi rago ko a ce za a raba shi da abin da yake so, shi ya sa ya zaɓi ya ɓoye. In aka bar shi a haka, ciwon gaba ba za ki ji labarinsa ba sai ya gagara. Ki ce masa ba hana shi kika yi ba, jinya ce irin wadda manyan 'yan wasan da yake kallo suke yi, su ma sukan yi watanni a waje su dawo. Ki bar shi ya riƙa zuwa fili yana kallon atisaye, yana zama da abokansa, don kada kaɗaici ya tura shi ya saci hanya ya je wasan layi. Ku ajiye ɗan littafi, kowace safiya ya rubuta zafin gwiwar daga 0 zuwa 10, da abin da ya yi jiya. Shi da kansa zai fara gane abin da ke tayar masa da ciwon, kuma littafin ne za ku nuna wa likita in kun koma. Ranar da zai iya tsuguno, ya hau bene ya sauko, ya yi tsalle a kan ƙafar dama kaɗai sau goma ba zafi, washegari ma ba zafi, ranar ce za a fara maganar komawa atisaye, kuma da rabin lokaci zai fara.

Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya raya miki shi da 'yan'uwansa. In kun dawo daga asibiti, ki rubuto min abin da likita ya ce game da ƙugun da kuma sunan ƙwayar.